Garkuwar Gari Biyu

Ina da shekara talatin da 'yan kai lokacin da ruwan Tiga ya ci garinmu. An daɗe ana gaya mana za mu tashi, muna ji muna sharewa. Sai da muka ga ruwa ya shiga gonakin gangare, ya kai gindin kukar da muke hutawa, sannan muka yarda. Aka kwashe mu a manyan motoci, mu da awakinmu da azarar ɗakunanmu, aka sauke mu a wani tudu a ƙasar Tudun Wada, daf da wani tsohon gari mai ganuwa.

Tudun nan ba daji ba ne, gonakin mutane ne. Inda aka kafa mini turaku aka ce nan ne gidana, na tarar da tushiyar dawa da kunyoyin da wani ya ja da hannunsa. A lokacin ban tsaya tunanin mai gonar ba. Hankalina yana kan mahaifina, wanda tari ya kama tun ranar da muka taso, da Inna, da matata da 'ya'yanmu, da ƙanena wanda bai yi aure ba tukuna.

Mai gonar maƙerin tsohon garin ne, dattijo gajere mai faɗin ƙirji. Akwai ɗorawa a bayan dangata, kuma ko da aka karɓe gona ba a karɓe itace ba, don haka idan ta nuna sai ya zo da doguwar gora ya kaɗe abarsa. Ba ya yi mini sallama, ni ma ba na yi masa sannu da aiki. Ya gama, ya ɗaure buhunsa, ya kama hanya.

Mutanen garin suna kiranmu 'yan ruwa, mu kuma muna ce musu 'yan ganuwa. Rijiyar da aka haƙa mana tana ƙafewa da rani, tasu kuwa tsofaffi ne masu zurfi, amma idan matanmu suka je sai a janye guga a bar su tsaye. Awakinmu suna shiga shukarsu, su kama su ɗaure. Wata rana ƙanena ya je karɓo akuyarmu, magana ta yi zafi, ya dawo da jini a ka. Tun daga nan samarinmu ba sa fita sai da sanda. Sallar Juma'a ma wani gari muke tafiya, alhali ga masallacinsu muna jin kiran salla daga tsakar gida.

A damina ta uku mahaifina ya rasu, da hantsi. Sai da aka gama yi masa wanka sannan muka kalli juna, domin masu awon fili sun fitar mana da gidaje da gonaki, amma ba mu da maƙabarta. Tamu tana ƙarƙashin ruwa. Yaran da muka rasa kafin nan a gefen gona aka sa su, ba wanda ya so a yi wa dattijon gari haka.

Ƙanena ya ce, "Yaya, a haƙa a bayan gidanmu. Ba za mu je roƙonsu ba."

Limaminmu ya ce, "Ba roƙo ba ne. Musulmi ne su. Ka je ka gaya musu."

Ranar na fara shiga ƙofar garin nan. Maƙera tana bakin hanya, ba yadda zan yi in kauce mata. Maƙerin ya ɗago kai, ya dube ni, guduma a hannu.

"Lafiya?"

"Mahaifina ne ya rasu, Baba. Ba mu da inda za mu sa shi."

Ya ajiye gudumar. Ya yi salati, ya yi mini gaisuwa, ya jawo riga ya sa, ya ce mu je wurin mai gari. A zauren mai gari akwai dattawa zaune. Na durƙusa na faɗi abin da ya kawo ni. Ba wanda ya ce a'a, amma ba wanda ya ce to. Wani daga gefe ya ce, cikin sassauta murya, idan aka ba mu maƙabarta shi ke nan mun zauna ke nan har abada.

Maƙerin ya ce, "Ranka ya daɗe, ai sun riga sun zauna. Gawa ce take jira. Akwai wuri kusa da mahaifina, a sa shi a nan."

Mai gari ya ce a je a yi. Maƙerin da kansa ya ɗauko diga, shi ya fara sara. Kafin azahar mutanen gari biyu suka tsaya sahu ɗaya a kan mahaifina.

Bayan sadakar uku na koma maƙera don in yi godiya. Na ɗauka zai ce ba komai. Sai ya nuna mini turmi na zauna, ya ci gaba da aikinsa yana magana.

"Abin da na yi, don Allah na yi. Kada ka ɗauka na manta gonata. Kakana ne ya sare dajin nan. Tunda aka haife ni ban taɓa auna hatsi a kasuwa ba sai da kuka zo. Ku an ba ku wani wuri a madadin naku. Mu wa ya ba mu?"

Duk tsawon zamanmu ina ganin mu kaɗai aka cuta. Na tashi na tafi gida, na zauna a tsakar gidan da na gina a kan abincin wani, na rasa inda zan sa kaina.

Akwai abu ɗaya da muke da shi wanda su ba su da shi. Idan rani ya yi, ruwan dam yana ja baya, ya bar baƙar ƙasa mai danshi a bakinsa. An raba mana wannan fadama, mu da aka tasa, kowane gida da yankinsa. A nan muka fara lambu, albasa da tumatir da barkono, har 'yan kasuwa daga Yako da wajajen Ƙiru suna zuwa saye. Na yi ta juya abin a raina har kaka ta wuce, sannan na tara masu gidajenmu a ƙofar mai unguwa. Na ce ina ganin duk wanda gidansa ko gonarsa ke kan gonar wani, ya yanka wa mai gonar wani abu daga fadamarsa.

Ban gama rufe baki ba wurin ya kaure. Wani ya ce baƙin ciki ne ya taɓa mini kai. Wani ya tambaya me maƙeri ya ba ni. Ƙanena ya miƙe tsaye, ya nuna tabon da ke goshinsa.

"Yaya, mu da muka rasa gari ɗungurungum, mu ne za mu bayar? Ga abin da suka ba ni."

Na ce, "Na gani. Amma suna da ruwan sha, muna da fadama, kuma ba mu da inda za mu koma. Ko mu gyara yanzu, ko 'ya'yanmu su gaji sanda."

Ba mutum ɗaya da ya goyi bayana ranar, ban da Liman, shi ma da ka kawai. Washegari na je fadama na ja layi da fartanya, na raba tawa, na je na kira maƙerin na nuna masa. Ya daɗe yana kallon ƙasar. Ya durƙusa ya damƙi kaɗan ya murje a tafin hannu.

"Mutanenka sun yarda?"

"Ba su yarda ba. Wannan tawa ce."

"To ni ma zan yi magana a kan rijiya. Ba za su yarda ba su ma."

Haka muka fara, shi a cikin ganuwa, ni a waje. Na daina tara mutane, domin a taro kowa yana jin kunyar sassautawa. Gida gida nake bi. In tarar da mutum yana gyaran komar kamun kifi, in zauna in kama masa. In tarar da wani a gona, in ɗauki fartanya. Wani ya saurare ni har ƙarshe ya ce sai ya yi shawara. Wani yana hango ni ya shige gida ya ce a ce ba ya nan. In bar shi mako guda in koma. Akwai wani dattijo da na yi wa sintiri har ya ce mini, "Kai dai ba ka gajiya?" Na ce ina gajiya, Baffa, amma zan dawo. Shi ma maƙerin bai sha da daɗi ba. Ƙanensa ya daina cin abinci tare da shi, wasu suka kwashe aikinsu suka kai wata maƙerar.

Maganar rijiya kuwa ba mu muka warware ta ba, Inna ce. Da ta fita takaba, wata safiya ta ɗauki tulu ta ce za ta cikin gari. Matata ta ce ta bari ita ta je, ta ƙi. Da ta isa rijiya aka janye guga kamar yadda aka saba. Ta ajiye tulunta, ta shimfiɗa gyale ta zauna a rana. Mata suka yi ta zuwa suna ɗiba suna wucewa, tana gaishe da kowacce, tana tambayar yara. Rana ta take, ba ta motsa ba. Daga baya wata tsohuwa, matar ɗaya daga cikin dattawan da suka fi ƙin mu, ta zo ta tsaya a kanta.

"Baiwar Allah, me kike jira?"

Inna ta ce, "Ruwa nake jira. Mijina yana kwance a garinku. Ina ganin ni ma a nan za a sa ni. Kafin nan dai zan sha ruwa."

Tsohuwar ta karɓi guga daga hannun wata, ta ja da kanta, ta cika tulun. Kashegari Inna ta koma da mata biyu, ta kai wa tsohuwar soyayyen kifi a akushi. Ba a sake janye guga ba.

Zuwa rani na gaba gidaje da dama sun raba fadamarsu, ko da yake ba duka ba. 'Yan ganuwa suka sauko bakin ruwa, muka nuna musu yadda ake kafa jigo a ɗebo ruwa a ba shuka. Na fara cewa a raina an gama. Sai wata safiya aka tarar an karya jigon maƙerin, an tattake masa albasar da ta fara kai. Sawun mutane ne, ba na dabba ba.

Kafin hantsi samarin cikin gari suka fito da sanduna. Namu ma suka fito. Akwai wani busasshen rafi tsakaninmu da su, na ruga na sauka cikinsa, na tarar maƙerin ya riga ni. Ya fuskanci mutanensa, ni na fuskanci nawa.

Ya ce musu, "Albasar wa aka tattake? Tawa ce. Na aiko ku?"

Ni kuma na ce wa namu, "Ban san wanda ya yi ba, kuma ba zan tambaya ba. Amma daga cikinmu ne. Ni zan je in sake dasawa. Wanda zai doki wani, sai ya fara ta kaina."

Aka tsaya ana kallon kallo. Wani ya jefo dutse ya faɗi kusa da ƙafata. Limamai biyu suka iso, kowa ya ja nasa, a hankali taron ya watse. Da la'asar na je lambun da irin albasata. Muna cikin dasawa, ni da maƙerin, sai ga dattijon nan da ya ce ba na gajiya, da 'ya'yansa, sun ɗauko itacen jigo. Ƙanena bai zo ba. Bayan 'yan kwanaki ya haɗa kayansa ya tafi wajen Bebeji aikin ƙodago, bai yi mini sallama ba. Wannan ya fi komai yi mini ciwo, kuma ya daɗe bai warke ba.

Daga wannan rana dattawan ɓangarorin biyu suka yarda a riƙa zama duk Juma'a bayan salla, a gindin wata tsamiya da ke bakin rafin. Akuya ta ci shuka, a kawo nan. Yara sun yi faɗa, a kawo nan. Muka koma yin Juma'a a masallacinsu. Da maganar makarantar boko ta kowa da kowa ta zo, muka yi gayya muka gina azuzuwa a tsakiya, su suka kawo ƙasa da magina, mu muka kawo ruwa da azara.

Azuzuwan nan ne suka jawo hankalin wani jami'in raya karkara, bayan an kafa ƙananan hukumomi. Ya zo a kan babur yana duba ayyukan gayya, ya tambayi yadda aka yi gari biyu suka gina makaranta ɗaya. Malamin makarantar ya ba shi labari. Ya nemi ya zauna a zamanmu na Juma'a, ya zauna, ya saurari shari'ar wani jaki da ya ci rogo. Bayan wasu watanni ya dawo ya ce an zaɓe mu. Za a ba mu garkuwa ta girmamawa a Tudun Wada, saboda zaman lafiya da aikin gayya.

Murnar ba ta kwana ba. Da aka bincika, sunan tsohon garin kaɗai ke jikin garkuwar, kuma mutum ɗaya zai hau ya karɓa. Namu garin ba shi da suna a ofis tukuna, unguwa ce kawai a ƙarƙashin wancan. Mutanenmu suka ce, to ga shi nan, mun ba da fadama, su sun sami suna. A cikin gari kuma wasu suka ce ai daidai ne, baƙo ba ya karɓar kyauta da sunan gari. Na ga abin da muka yi shekaru muna ginawa zai rushe a kan katako da tagulla.

Maƙerin ya ce mu je mu ga jami'in. Na ɗauke shi a bayan keke har Tudun Wada. Jami'in mutumin kirki ne, ya ba mu kujera, ya ce ya fahimta, amma tsari ne, gari ɗaya mutum ɗaya, kuma an riga an yi rubutun.

Na ce, "Ranka ya daɗe, idan haka ne a ba wani garin. Mun gode."

Ya dube ni, ya ce, "Kyauta za ku mayar?"

Maƙerin ya ce, "Don zaman lafiya aka ce za a ba mu. Idan muka shiga da ita gida a haka, faɗa za ta haɗa. Gara a bar mu yadda muke."

Jami'in ya ce mu dawo wani makon. Muka dawo, ba ya nan. Muka sake dawowa ranar kasuwa, muka zauna a barandar ofis har ya fito. Ya yi dariya da ya gan mu, ya ce ya kai maganar gaba. Rubutu ba zai sauya ba, amma za a kira sunan garuruwan biyu a lasifika, kuma mutum biyu za su hau. Muka ce mun yarda.

A zaman tsamiya aka ce ni da maƙerin za mu karɓa. Na so a tafi da Inna ko kallo ta yi. Ta ce ita me za ta yi da garkuwa, yaƙi za ta? Ta ce mu dai mu sayo mata goro mai kyau.

Ranar taron filin ya cika. An girmama wasu mutane daga wajen Doguwa da suka fasa hanya a cikin duwatsu da hannunsu don a riƙa fito da marasa lafiya, na ji kamar namu aikin bai kai nasu ba. Da aka kira mu, na ji sunan garinmu ya fito daga lasifika, karo na farko da na ji wani baƙo ya faɗe shi. Maƙerin ya sa babbar rigar da ta yi masa tsawo, yana tattare ta yana hawa. Aka miƙo garkuwar, ya kama gefe na kama gefe. Ba ta da girma yadda na zata. Aka ce mu yi magana. Na bar wa maƙerin. Shi ya ce, "Mun gode. Allah ya ba mu haƙuri da juna." Muka sauko.

Da muka koma gida, ya sa malamin makaranta ya zana masa sunan garinmu da alli a kan ɗan fallen tagulla, ya bi zanen da kurfi da guduma, ya maƙala a ƙarƙashin na farko. Haruffan sun ɗan karkace. Aka rataye ta a makaranta, tunda nan ne ba na kowa ba.

Juma'ar da ta biyo baya muna zaune gindin tsamiya ana ta labarin taron, sai ga wani ardo ya iso, dogo, da sanda a kafaɗa. Rugarsu tana bayan tudu, matansu suna kawo mana nono. Ya gaisa da kowa, ya nemi wuri ya zauna.

Ya ce, "Na ji an ba ku kyauta ta zaman lafiya. Madalla. To ni shanuna ba su da hanyar shan ruwa. Lambunku ya rufe bakin dam daga can har can."

Gaskiya ya faɗa. Garin raba fadama tsakaninmu mun cinye tsohon burtalin da shanu ke bi, ba wanda ya tuna da su. Wani ya fara cewa ai ruwa yana da yawa, su zagaya. Ardon ya ce zagayen wuni ne, maruƙa ba sa iyawa.

Maƙerin ya dube ni. Na tambayi ardon ta ina tsohon burtalin ya bi. Ya zana a ƙasa da sandarsa, daga gindin wata giginya ya miƙe zuwa ruwa. Ya ratsa lambun mutum da yawa, na ciki da na waje, har da gefen nawa inda tumatir ya fara fure.

Na ce wa ardon ya ba mu lokaci, ba abin da za a gama yau ba ne. Da aka tashi na ɗauko kekena, na tambayi maƙerin gidan wa za mu fara zuwa. Ya ce a fara da ƙanensa, tunda shi zai fi wuya. Muka nufi cikin gari.